Karen da Ba Ya Jure Kaɗaici: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Kare a Jos

A unguwanni da dama na Jos, daga Rantya zuwa Rayfield, daga Dadin Kowa zuwa Bukuru, ba wuya ka ji gidan da karensa ke fara kuka da zarar an ja get da safe, ba ya kuma yin shiru sai maigidan ya dawo. Maƙwabta su yi ta ƙorafi, mai kare ya rasa yadda zai yi, a ƙarshe a ɗaure dabbar a bayan gida ko a bayar da ita ga duk wanda ya tambaya. Na tattara tambayoyin da ake yawan yi a kan wannan matsala, na amsa su bisa abin da likitocin dabbobi da masu horar da karnuka suka tabbatar, tare da la'akari da yadda muke riƙon kare a gidajenmu, wanda ya sha bamban da riƙon Turawa.

Mece ce fargabar rabuwa, kuma da me ake gane ta?

Fargabar rabuwa ita ce firgicin da ke kama kare idan ya ga an bar shi shi kaɗai, ko kuma idan mutumin da ya shaƙu da shi ya ɓace masa. Kare dabba ce ta zaman tare, kuma yawancin karnuka suna koyon cewa wanda ya fita zai dawo, sai su nemi inuwa su kwanta. Wasu kuwa ba su taɓa koyon haka ba, ko sun koya wani abu ya zo ya goge musu shi, saboda haka kowace fita ta zame musu kamar rabuwar ƙarshe.

Alamomin sun haɗa da kuka mai tsawo ko haushi ba ƙaƙƙautawa, kai-kawo a bakin get, haki alhali babu zafi kuma bai yi gudu ba, dalalar miyau, fitsari ko kashi a inda bai saba yi ba, kartar ƙofa, tonon gindin katanga, da gaigayar katako ko ƙarfe har dasashinsa ya yi jini. Abu biyu ne suka fi muhimmanci a lura da su. Na farko, ɓarnar takan taru ne a wurin da ka fita, wato ƙofa ko get ko taga, domin bin ka yake son yi. Na biyu, abin yakan fara ne nan take bayan fitarka, ya fi tsanani a cikin rabin awar farko, wani lokaci ya lafa sannan ya sake tashi.

Ta yaya zan san ba ƙiriniya ko rashin aikin yi ke damunsa ba?

Sai ka gani da idonka, kuma wayar hannu ta sauƙaƙe wannan. Ka jingine waya a inda za ta ɗauki wurin zamansa da bakin get, ka kunna bidiyo, ka fita kamar yadda ka saba na tsawon minti talatin. Idan akwai waya biyu, kiran bidiyo ta WhatsApp ya fi, domin kana kallonsa daga waje kuma za ka iya komawa idan ya fara ji wa kansa rauni.

Karen da zaman banza ya ishe shi yakan yi miƙa, ya zagaya, ya ɗauki takalmi ya tauna cikin nishaɗi, ya ci abin da aka bar masa, ya yi barci. Mai haushin gadi yana yi ne idan mai talla ko ɗan acaɓa ya wuce, da sun yi nisa ya yi shiru. Mai fargaba kuwa idonsa na kan get, kunnuwansa a kwance, wutsiyarsa a matse, yana lasar baki yana hamma ba ta barci ba, kuma ko nama ka ajiye masa ba zai kalla ba sai ka dawo. Wannan ƙin cin abincin yana cikin shaidu mafi ƙarfi.

Kada a manta da abubuwan da suka fi wannan sauƙi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin Disamba da Janairu yana sa kare mai gajeren gashi kuka idan an bar shi a kan siminti babu buhu babu tsohon bargo. Ƙishirwa, kaska, ƙuma, ciwon kunne, ciwon mafitsara da gudawa duk suna iya kawo kuka ko ƙazanta. Namiji kuma yana iya ƙin abinci ya yi ta neman tsallake katanga idan akwai karya mai neman barbara a unguwa.

Tsofaffi suna cewa kukan kare mugun abu yake nunawa, ko kuma yana ganin abin da ba ma gani. Me za ka ce?

Maganar gaibu ba fagena ba ce. Abin da aka auna shi ne cewa kunnen mutum ba ya wuce sauti mai kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na kare kuwa yana kaiwa 45,000 ko fiye, ga hancin da ya fi namu nesa ba kusa ba, don haka lallai yana jin abin da ba ma ji. Amma idan kukan yana farawa ne duk sanda wani takamaiman mutum ya fita, ya kuma tsaya duk sanda ya dawo, to dalilin yana nan a fili, kuma akwai abin da za a iya yi a kai.

Yana dalalar miyau yana cizon ƙarfe. Anya ba ciwon haukan kare ba ne?

Wannan tambaya ce da bai kamata a yi wasa da ita ba, domin ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu, kuma da zarar alamominsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tsira. Bambancin shi ne mai fargabar rabuwa yana komawa daidai da zarar ka dawo: ya gane ka, ya sha ruwa, ya ci abinci. Mai ciwon hauka kuwa halinsa yakan sauya gaba ɗaya a cikin 'yan kwanaki, ko kana nan ko ba ka nan, ya kasa haɗiya, muryarsa ta canja, ya ciji duk abin da ya samu, ko kuma ya yi lagwas muƙamuƙinsa ya saki. Idan ka ga haka, musamman a karen da ba a yi wa allura ba ko wanda wani kare ya ciza, ka killace shi ba tare da taɓa shi ba, ka kira likitan dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Mu a Filato muna da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, wadda ke can tun 1924, tana gwajin wannan ciwo tana kuma haɗa allurar rigakafinsa, saboda haka babu uzurin barin kare ya wuce wata uku da haihuwa ba a yi masa ba, ko a ƙi sabunta ta a kan lokaci.

Me ke jawo wannan fargaba? Laifina ne da na shagwaɓa shi?

Nuna wa kare ƙauna ba ya jawo ta. Abin da aka fi gani a bayanta shi ne wani sauyi: sauya gida, sauya mai shi, mutuwar wani a gidan, ko mutuwar karen da suke tare. Raba kwikwiyo da uwarsa da wuri, kafin ya cika mako takwas, yana ƙara haɗarin matsalolin hali, kuma wannan abu ne da masu sayar da 'yan kwikwiyo a bakin titi suke yawan yi don ƙarami ya fi shiga ran mai saye. Akwai kuma gado, domin wasu karnukan da tsoro aka haife su.

A gidajenmu akwai wani salo da nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Sau da yawa karen ba na maigida ba ne a zuci, ko da shi ya biya kuɗinsa. Na yaron da ke ba shi abinci ne, ko na mai gadin da ke kwana da shi a bakin get. Ranar da yaron ya koma makarantar kwana a watan Satumba, ko ya tafi hidimar ƙasa, ko aka sallami mai gadin, sai kare ya fara kuka alhali gida cike yake da mutane. Irin wannan ba kaɗaici yake tsoro ba, rashin mutum ɗaya ne ya dame shi, kuma gyaransa yana farawa ne da raba hidimarsa, wato wani ya riƙa ba shi abinci, wani ya riƙa fita da shi, wani ya riƙa wasa da shi, har zuciyarsa ta daina rataya a kan mutum guda. An ga makamancin haka bayan kullen korona na 2020, lokacin da karnuka suka saba da ganin kowa a gida, sai rana ɗaya kowa ya koma aiki.

Idan na dawo na tarar da ɓarna yakan sunkuyar da kai. Ai ya san ya yi laifi, me zai hana in hukunta shi?

Wannan sunkuyar da kan ta yaudari mutane da yawa. A shekarar 2009 wata masaniyar halayyar dabbobi a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada abin. Masu karnuka suka hana karnukansu cin wani abinci suka fita, da suka dawo sai aka gaya wa wasu gaskiyar abin da ya faru, wasu kuma aka gaya musu akasinta. Abin da ya fito shi ne karnukan suna yin wannan fuskar ne idan an yi musu faɗa, ko sun ci ko ba su ci ba. Wato fuskarka da muryarka yake karantawa, yana roƙon kada ka taɓa shi.

Kare ba ya haɗa dukan ƙarfe biyar na yamma da ƙofar da ya karce ƙarfe takwas na safe. Abin da duka ke koya masa shi ne dawowarka ma abin tsoro ce, ga fitarka dama abin tsoro ce, sai fargabar ta ninku. Haka abin yake da dangwara hancinsa a fitsari, da watsa masa ruwa, da abin wuyan nan mai jan lantarki da ake tallarsa a intanet, wanda yankin Wales na Birtaniya ya haramta tun 2010. Suna iya kashe muryar, amma firgicin yana nan, sai ya ɓullo ta wata hanya, wani lokaci ta cizo. Kowa a cikinmu ya ji labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma ban ga yadda za a riƙe wannan labari a kuma doki dabbar da tsoro ya sa ta fitsari ba.

To yaya ake yin horon?

Tushensa ɗaya ne: ka riƙa barin kare na ɗan lokacin da bai kai ya firgita ba, ka dawo tun hankalinsa na kwance, ka maimaita, kana ƙara lokacin kaɗan-kaɗan. Kowace fita da ta ƙare lafiya tana zama masa shaida cewa ana fita ana dawowa. Kowace fita da ta kai shi ga firgici kuma tana rushe wani ɓangare na abin da aka gina.

Aikin farko shi ne gano iyakarsa. Da bidiyon nan za ka ga daƙiƙar da alamar farko ta bayyana, kuma alamar farko ba kuka ba ce, tashi zumbur ne, ko ƙura wa get ido, ko lasar baki. Wani karen iyakarsa minti biyar ce, wani daƙiƙa goma, wani kuma tun kana nufar ƙofa ya fara rawar jiki. Duk inda iyakar take, ƙasa da ita za ka fara, ko da kuwa hakan na nufin ka je bakin get, ka taɓa sakata, ka dawo ka zauna ba tare da ka fita ba.

A ɗauka iyakarsa daƙiƙa talatin ce. Zaman horo na yau zai iya kasancewa haka: ka je get ka dawo, ka huta minti ɗaya, ka buɗe ka rufe ba ka fita ba, ka fita daƙiƙa uku, ka huta, ka fita daƙiƙa goma, ka koma daƙiƙa biyar, sannan ka yi ta ƙarshe mai daƙiƙa ashirin. Da gangan ake cakuɗa gajeru da dogaye, domin idan kullum ta gaba ta fi ta baya tsawo, kare zai gane, ya fara ɗar-ɗar tun kafin ka fita. Tsakanin fita da fita ka bari ya nutsu tukuna. Zama ɗaya na minti ashirin zuwa talatin a rana ya isa, kuma a bar masa kwana ɗaya ko biyu a mako babu horo.

Fita da dawowa su zama babu biki. Kada ka tsaya kana rarrashinsa kana yi masa doguwar sallama, kada kuma ka shigo da ihun murna. Ka kira sunansa a hankali, ka ci gaba da harkarka, in ya nutsu ka shafa shi. Ba ina nufin ka share shi kamar ba ka san shi ba, wannan ma yana ruɗa wasu karnukan.

Idan ka ga alamar tsoro a bidiyo, ka koma ciki nan take. Mutane kan ji tsoron cewa komawa za ta koya masa yin kuka don a dawo, amma dabbar da ke cikin firgici ba dabara take yi ba, kuma barin ta ta yi kuka har ta gaji ba ya koya mata komai sai cewa tsoronta gaskiya ne. Kuskuren yana wajen tsawon fitar, saboda haka gobe ka rage.

Matakin farko shi ne mafi jan rai. Daga daƙiƙoƙi zuwa minti goma na iya cin makonni, mutum ya ga kamar ba a motsi. Masu horo sun lura cewa idan kare ya kai kimanin minti arba'in cikin nutsuwa, ana iya fara ƙara masa minti biyar-biyar, daga baya sha biyar-sha biyar, kuma wanda ya jure awa ɗaya da rabi galibi zai jure awanni. Ka riƙa rubuta lokacin kowace rana a littafi ko a waya, domin ranar da ka karaya wannan rubutun ne zai nuna maka cewa wata guda da ya gabata, daƙiƙa goma kawai kake yi.

Rayuwarmu ta yau da kullum tana da matakan da suka dace da wannan aiki. Zuwa shagon kan kwana minti biyar ne. Zuwa masallacin unguwa minti goma ne zuwa sha biyar, kuma ana yin sa sau da yawa a rana, wanda ya sa ya zama maimaici mai kyau da zarar kare ya kai wannan matsayi. Sallar Juma'a, ko sujadar Lahadi a coci, ko cefane a Terminus ko Farin Gada, waɗannan na gaba ne, kada a yi gaggawar kai shi can.

Tun ina ɗaukar makullin mota yake fara haki. Yaya zan yi da wannan?

Ya haddace jerin abubuwan da kake yi kafin fita: wanka, turare, hula ko mayafi, takalmi, jaka, makulli, kashe janareto, tayar da mota ko babur. Masanin nan ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya samu kyautar Nobel a 1904, ya nuna yadda kare ke haɗa wata alama da abin da ke biyo bayanta har jikinsa ya riƙa amsa alamar ita kaɗai. A nan makulli ne ya zama alamar, tsoro ya zama amsar.

Ana warware wannan ne ta hanyar raba alamar da fita. Ka ɗauki makulli ka zauna ka sha shayi. Ka sa takalmi ka shiga kicin. Ka tayar da babur ka kashe ka koma ɗaki. Sau biyu ko uku a rana ya isa, kuma ɗaya bayan ɗaya, domin idan ka yi ta kaɗa masa makulli yini guda zai zauna cikin zullumi ne kawai. A farkon horon fita ka bar waɗannan abubuwa gefe, sai ya kai mintoci sannan ka riƙa shigo da su, kana rage tsawon fitar duk sanda ka ƙara sabuwar alama.

Ni ma'aikaci ne, dole in fita da safe in dawo da yamma. Ta ina horon zai yiwu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya, kuma amsarta ba ta canjawa: muddin ana horon, kada a bar karen shi kaɗai fiye da iyakarsa. Ba zai yiwu ka gina daƙiƙa talatin da daddare ka rushe ta da awa tara washegari ba. A nan ne muka fi mutanen Turai sa'a, domin su kuɗi suke biya a zauna musu da kare, mu kuwa gidajenmu ba safai suke rasa mutum ba. Akwai uwargida, akwai ƙane da ke jiran sakamakon jarrabawa, akwai mai gadi, akwai maƙwabci mai shago a ƙofar gida. Yawancin karnukan nan ba sa buƙatar a yi musu komai, su dai su ga mutum ko su ji motsinsa. Ka zauna da mutanen gida ku tsara wanda zai kasance a wace rana, ka kuma bayyana musu cewa na ɗan lokaci ne. Idan mai gadi ne zai ɗauki nauyin, ka ƙara masa wani abu a kan albashinsa, ka kuma gaya masa a fili cewa ba a duka.

Ko karen da ba shi da wata matsala, ƙungiyar kula da dabbobi ta RSPCA a Ingila tana ba da shawarar kada a bar shi shi kaɗai fiye da awa huɗu a jere.

Mu ba ma shigar da kare ɗaki, a tsakar gida yake. Wannan horon ya shafe mu?

Ya shafe ku, kuma ba ya buƙatar ka sauya abin da addininka ko tsabtar gidanka suka tsara. Inda Bature zai yi aiki da ƙofar falo, kai da get za ka yi. Wasu karnukan ma tun daga shigarka ɗaki da rufe ƙofa suke fara kuka, to su daga nan za a fara: ka shiga, ka rufe, ka fito bayan daƙiƙa biyu. Abin da nake roƙo shi ne wurin zamansa ya kasance inda yake ganin shige da ficen mutane, da inuwa da ruwa da abin shimfiɗa. Lungun bayan gida kusa da janareto, inda ba ya ganin kowa daga safe har dare, yana iya haukata lafiyayyen kare ma.

Keji ko sarƙa fa, tunda yana ɓarna?

Al'adar kulle kare a keji da rana a sake shi da dare ta zama ruwan dare, musamman ga masu manyan karnukan Turawa. Ga karen da ya saba da kejinsa yana shiga da kansa, babu laifi idan kejin na da faɗi da iska kuma ba yini ake yi a ciki ba. Ga mai fargaba kuwa keji yakan ƙara wutar ne, domin an haɗa masa tsoro biyu, kuma a nan ake samun karyewar haƙori da tsagewar farce. Sarƙa ta fi haɗari: karen da ya firgita yana iya tsallake katanga ko tarin bulo da sarƙa a wuya ya rataye kansa. Idan dole a tsare shi, a keɓe masa wani sashe na tsakar gida da waya ko katako, a kwashe duk abin da zai ji masa ciwo.

Shin abinci ko abin wasa zai ɗauke masa hankali?

Ga mai ƙaramar damuwa, yana taimakawa ƙwarai. Akwai robar Kong mai rami da ake cusa wa abinci, kare ya ɗauki lokaci yana lasa, kuma lasa da tauna suna kwantar masa da hankali. Wanda bai samu ba yana iya watsa busasshen abincinsa a cikin ciyawa ya bar shi ya yi ta nema da hanci. Ga mai tsananin fargaba kuwa abinci ba ya aiki, ko dai ya ƙi ci, ko ya cinye sannan ya fara kuka. A guji dafaffen ƙashi, musamman na kaza, domin yana tsagewa ya huda hanji, a kuma guji ragowar miya mai yawan albasa da tafarnuwa, da cakulan, da inabi, dukkansu guba ne ga kare. Zagayen minti talatin da sassafe kafin fita yana rage masa zafin jiki, amma gajiya ita kaɗai ba ta warkar da tsoro.

In kawo masa kare na biyu?

Sau da yawa ba ya magance komai, domin mutum yake nema, kuma kana iya wayar gari da masu kuka biyu. Inda yakan yi amfani shi ne idan matsalar ta fara ne bayan mutuwar abokin zamansa. Ka gwada da aron karen da suka saba, ka duba bidiyo, kafin ka sayi wani.

Akwai magani na asibiti?

Akwai. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Clomicalm a 1998 da Reconcile a 2007 don wannan matsala, kuma dukansu an tsara su ne a haɗa da horo. Ba maganin barci ba ne, suna rage ƙarfin firgicin ne har kare ya iya koyo, kuma sukan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin a ga cikakken aikinsu. Likitan dabbobi ne zai auna nauyin karen, ya duba lafiyarsa, ya zaɓi abin da ya dace cikin abin da ake samu, kuma shi zai faɗi yadda za a janye maganin a hankali. Idan karenka yana ji wa kansa rauni, ko ka yi wata guda ba ka wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, kada ka mai da zuwa wurin likita matakin ƙarshe. Jami'ar Jos tana da tsangayar likitancin dabbobi, ga Vom, ga asibitocin dabbobi a cikin gari.

Kada ka shiga kemis ka sayo masa maganin barcin mutane ko na ciwon jiki. Magungunan ciwon jiki da muke sha ba tare da tunani ba suna iya lalata wa kare hanta ko ƙoda ko su huda masa ciki.

Mun yi nisa, sai ya koma kamar farko. Mun yi asara ke nan?

Ba ku yi ba. Koma-baya yana cikin tafiyar, kuma karen da ya taɓa kaiwa minti ashirin yakan sake kaiwa da sauri fiye da karon farko. Ka duba abin da ya sauya: baƙi, rashin lafiya, sabon mai gadi, ko ranar da aka bar shi ya wuce iyakarsa. A Jos akwai lokuta biyu da ya kamata a sa wa ido, wato farkon damina da tsawarta mai ƙarfi, da ƙarshen shekara lokacin da yara ke fasa nokawut daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara. Tsoron ƙara da fargabar rabuwa sukan zo tare, kuma karen da tsawa ta riska shi kaɗai yana iya ɗora laifin a kan kaɗaicin. A irin waɗannan ranaku a rage horo, a tabbatar akwai mutum kusa. Tafiyar Sallah ko ta Kirsimeti kuma a shirya mata tun da makonni, ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai riƙe karen ya fara zuwa yana ba shi abinci tun kuna nan.

Gaba ɗaya, mai sauƙi yana iya gyaruwa a cikin makonni, mai tsanani kuma yakan ci watanni.

Na sayi sabon kwikwiyo. Me zan yi tun yanzu?

Ka tabbatar ya cika mako takwas a wurin uwarsa kafin ka ɗauko shi. Daren farko zai yi kuka, domin bai taɓa kwana ba tare da ɗumin 'yan'uwansa ba, saboda haka ka ajiye kwalinsa ko kwandonsa kusa da inda mutum yake kwana, da tsumma mai ƙamshin uwarsa idan ka samu, sannan ka riƙa matsar da shi zuwa wurinsa na dindindin a cikin kwanaki. Daga makon farko ka fara barin sa minti ɗaya ko biyu bayan ya ci ya yi wasa ya fara gyangyaɗi, kana ƙarawa a hankali. Watanni ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi karɓar sabon abu, don haka ya saba da hannun mutane daban-daban, da ƙarar get, da ta babur, da ta janareto. Mafitsararsa ƙarama ce, ɗan wata biyu ba ya riƙe fitsari fiye da kimanin awa biyu, kada a ɗauki wannan a matsayin alamar fargaba. Idan yara ne suka matsa aka sayo shi a lokacin dogon hutu, a fara koya masa zama shi kaɗai tun makon farko na hutun, a kuma sa babba ɗaya cikin masu ba shi abinci tun kafin ranar da za a koma makaranta.